Farmasin da na je sau 3 kan mura: abin ya danganta da wanda ka iske bayan kanta

Bana dai hunturu bai raga muna ba a Tahoua. Tun ƙarshen Disamba buji ya sauka, da sahe in ka hito ko itacen bedin da ke ƙofar gida da ƙyar kake ganinshi, leɓe ya tsage diddige ya tsage, ni kuma da nike koyarwa a ajin CE2 na firamare rabin yaran na tari rabi na jan majina, ba ranar da ba ni kwaso wani abu in kawo gida. Cikin sati guda duk anka kwanta, Inna uwar maigidana mai fama da tansiyon, ɗiyata mai shekara 6, da autana da a lokacin shike wata 8, sai ni da nike yawo da murya kamar ta gardi. Maigidan shina Agadez wajen aiki, don haka ni ce likita ni ce ɗan aike. Sau 3 na shiga farmasi guda cikin kwana 10, kuma abin da na gani shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, musamman yadda suke amsawa in ka kawo zancen zuma da citta da bitamin C da sauran abubuwan da muke haɗawa da maganin likita in mura ta kama mu. Ba za ni faɗi sunan wurin ba, ba talla anka biya ni ba, kuma ba ni son in zama sanadin raba wani yaro da abincinshi.

Wurin kanshi ba laihi. Tsabta akwai, cikin wagga ƙura kullum da mai goge ƙasa, suna da grup nasu in kuran ya ɗauke firigon allurai ba shi tsayawa, kuma kuɗin da ke manne ga kwali shi za ka biya a kes, ba ciniki ba ƙari, su miƙo maka tike. Ranar Lahadi ce dai wahala, ranar kasuwa, duk wanda ya saida akuya ko buhun albasa sai ya biyo da ordonansin da ta kwana biyu cikin aljihu, kana iya rabin awa tsaye, benci guda ne kuma dattawa sun hi ka buƙata. Canji ma sai ka yi haƙuri in ka miƙa jika 10. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hi damuna, bayan kanta mutum 4 ko 5 ne kowa da farar riga, kai da ka shigo ba ka san wane ne ya share shekaru a jami'a shina karatun magani ba, wane ne kuma anka koya mashi karanta ordonansi da latsa kwamfuta watanni kaɗan da sunka wuce, kowa dokta muke ce mashi.

Zuwan farko da dare ne wajen ƙarhe 10, satinsu ne na gardi, wato na kwana a buɗe. Na hau kabu-kabu da mayahi naɗe har hanci, na iske wani saurayi shi kaɗai, waya a hannu ana kallon ƙwallo, amma gaskiya ya aje ta ya gaishe ni da ladabi, "Madam sannu da dare, mi za a ba ki?" Na ce ƙanena mura ce ta kada muna gida, da tsohuwa da yara. Ban ruhe baki ba ya juya, kahin in gyara goyon jakata ya jera mini abu 4 bisa kanta, bitamin C mai tafasa cikin ruwa, wasu ƙwayoyin mura na manya masu buɗe hanci, siro na tari, da man shafawa mai mantol. Bai tambayi shekarun kowa ba, bai tambayi ko tsohuwar na shan wani magani ba, ni ma dai da laihina, gajiya ta sa ban faɗa ba. Ya ƙara da cewa in majinar ta koma koriya in dawo shi ba ni antibiyotik ɗin nan amoksi, wai shi ke kashe ta gaba ɗaya.

Na ce to zuma fa, don Inna ta dage sai an haɗa zuma da citta da lemun tsami. Ya ce ai zuma waraka ce Madam, ki ba kowa babba da yaro, jinjirin ma ki lasa mashi a baki. Tafarnuwa fa? Tana da kyau. Surace da ganyen bedi? Shina da kyau. Habbatus sauda? Ita ma. Wallahi da na ce mashi toka da ruwan randa ina jin haka zai ce, ba don mugunta ba, shi dai ba shi son shi musa wa babba kuma shina son shi koma ga ƙwallonshi. Na biya jika 9 da dala ɗari na hito ina jin na yi abin kai.

Inna ta sha ƙwaya guda ta mai buɗe hancin nan kahin ta kwanta, ta bi da bitamin C ɗin don ya burge ta yadda shike tafasa ba wuta. Hanci kam ya buɗe. Amma ba ta runtsa ba, wajen ƙarhe 2 na ji tana kirana, ta ce ɗiyata zo ki ji, kamar ana daka cikin ƙirjina, kai kuma na sara. Muna da ɗan abin awon tansiyon da ɗanta ya sawo mata, na ɗaura, 17 da wani abu, ita da ta saba zama 14 da maganinta. Na zauna gefen katifarta har anka kira asuba, sannan ya fara sauka. Auta kuma Allah ne ya kiyaye shi ba wayona ba, zumar gidan saura ɗan kaɗan ce a gindin kwalba kuma Inna ta riga ta juye ta cikin shayinta, na ce gobe in na sawo sai in lasa mashi.

Da sahe na roƙi direkta awa 2, na zuba komi cikin leda na koma, da hushina. Sai na iske wata mata da ban taɓa lura da ita ba, za ta kai shekara 50, tabarau rataye a wuya, ashe ita ce farmasiyen ɗin wurin, sauran duk ƙarƙashinta suke. Ta ce ƙanwata zauna tukuna, ta jawo mini kujerarta. Ba ta taɓa kwali ko guda ba sai da ta gama tambayoyi, su wa da wa ne ba lahiya, shekara nawa, wata nawa, kwana nawa da farawa, akwai masassara, wa ke shan wane magani, yaron na kama nono? Sannan ta ɗauki ƙwayoyin nan ta juya bayan kwali ta aza yatsa bisa wata kalma, psedo-efedrin. Ta ce shi wanga yadda shike buɗe hanci, matse jijiyoyin jini shike yi, kuma bai san hanci daga sauran jiki ba, duk shike matsewa, shi ya sa mai tansiyon ko ciwon zuciya ba a ba shi, a Faransa ma inda da yawan magungunanmu ke hitowa tun 11 ga Disamba 2024 ba a saida irinshi sai da ordonansi saboda an samu waɗanda ya jawo wa shanyewar jiki da ciwon zuciya. Ta kuma nuna mini akwai parasetamol 500 a ciki, ta ce nan mutane ke faɗawa, su sha wanga su ƙara da parasetamol dabam don ciwon kai, su zarce gram 3 zuwa 4 da babba ke iya ɗauka a yini, hanta ta sha wahala ba su sani ba. Ta ce yau ɗin nan a kai Inna a auna ta, kar a ce ya sauka shi ke nan.

Da na ba ta labarin zuma da jinjiri sai ta cire tabarau. Ta ce wa ya ce maki haka, na ce wanda na iske jiya, ta yi shiru ta rubuta wani abu a ƴar takarda ta sa aljihu. Ta ce yaron da bai cika wata 12 ba ba a ba shi zuma, ko ɗigo, ko ta Makalondi ce da anka tatso gabanki, ko kin tafasa ta. Ba maganar algus ba ce, cikin zuma ana iya samun ƙwan wata ƙwayar cuta da ba ta komi ga babba, amma hanjin jinjiri bai yi ƙwari ba, sai ta tsiro ciki ta saki dahi, ana ce ma ciwon botilizim, yaro shi daina kashi, shi kasa tsotson nono, kuka shi yi rauni, wuya shi saki kamar tsumma, in abin ya yi nisa har numfashi sai da inji. Ba kullum shike faruwa ba, ta ce, amma wa ke son shi zama na shi ne. Na ce Dokta to ayar da ta ce akwai waraka cikin zuma fa, don na san abin da Inna za ta tare ni da shi ke nan. Ta ce ayar gaskiya ce, ruwa ma ai rai ne amma ba mu ce a ba ɗan ƙasa da wata 6 ruwa, nono kaɗai, komi da lokacinshi. Ita kuwa mai shekara 6, ta ce ki ba ta rabin ƙaramin cokali zuwa cokali guda kahin barci, cikin duk abin da kika lissafa zuma ce ta hi samun shaida wajen rage tarin dare ga yara, ta hi siro da yawa da ke bayana. Mai farmasi da bakinta, tana nuna kayan da take saidawa.

Siron ma ta karɓe shi, da shike ban ɓalle murhin ba. Irin mai tsinka majinar ƙirji ne, ta ce tun 2010 Faransa ta hana ba yaran ƙasa da shekara 2 irinshi don jinjiri ba shi da ƙarhin tarin da zai hitar da abin da ya tsinke, sai ƙirji shi ƙara cika. Doka dai magani in ya hita ba shi komawa, amma ta ce kuskuren daga wajensu ne, ta cire kuɗin daga abin da za ni saye.

Bitamin C kuwa dariya ta yi kaɗan. Ta ce in mura ta riga ta shiga sannan ka fara sha, ba a ga wani abin kirki da shike yi ba, ka dai samu ruwa mai ɗanɗanon lemu. Wanga zance ya tsaya mini a rai don ni tun zamanin korona a 2020 nike kashe kuɗi wajenshi, da dare na tura wa ɗan yayata da ke karatun farmasi a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ya amso da murya har minti 7. Ya ce Tanti gaskiya ta faɗa maki, wani masani Ba'amurke mai lambar Nobel 2, Linus Pauling, shi ya yayata zancen tun 1970, daga baya masu bincike na Cochrane sunka tattara gwaje-gwajen da anka yi kan mutum sama da 11,000, a 2013 sunka hitar da cewa shan shi kullum ba shi hana mutum kamuwa da mura, sai dai wanda ke sha kowace rana tun kahin ciwo kwanakin murarshi na raguwa da kashi 8 cikin 100 ga babba, 14 ga yaro. Na lissafa da kaina tunda lissahi nike koyarwa, murar kwana 7 an rage maka wajen rabin kwana ke nan, bayan ka shekara kana saye. Ita Dokta abin da ta hi damuwa da shi ma dabam ne, ta ce abin da ke sa ƙwayar nan tafasa cikin ruwa dangin gishiri ne, sodiyom, kuma mai tansiyon da anka ce kar shi wuce gram 5 na gishiri a yini ba shi buƙatar ƙari cikin sunan bitamin. Sai ta tambaye ni, Inna na sa kanwa cikin haɗinta na citta? Na ce jar kanwa ma kuwa, wai tana wanke ƙirji. Ta ce to ita ma gishirin ce, a cire. Wannan tambaya kaɗai ta nuna mini matar ta san gidajenmu, ba littahin Turawa kaɗai ta haddace ba. Ta ce ku sayi lemun tsami da gwaba da tumatir, kuma lemun a matsa shi bayan ruwan ya ɗan huce, tafasa na kashe bitamin ɗin.

Lokacin nan layi ya fara taruwa bayana amma ba wanda ya yi tsaki, kowa ya kasa kunne, wani dattijo da rawani har ya matso ya ce Hajiya in kin gama da ita ni ma ga tawa. Na yi sauri na jeho zancen zinki. Ta ce zinkin da ke nan wurinsu na zawon yara ne, miligram 20 kwana 10 zuwa 14 tare da SRO, ruwan gishiri da sukarin nan, kuma a nan aikinshi ba gardama. Wanda anka gwada kan mura irin na tsotsa ne kamar alawa, ga manya, a fara cikin awa 24 na farko, shina iya rage kwana ɗaya ko biyu amma baki shi yi ɗanɗanon ƙarhe zuciya ta riƙa tashi, kuma ba a sa zinki cikin hanci don akwai waɗanda sunka rasa jin ƙamshi ta haka, in kuma mutum na shan antibiyotik irin sipro ko doksi to zinki na hana su shiga jiki sai an raba lokaci. Tafarnuwa ta ce ku ci cikin miya, gwaji guda ne na kirki anka yi kanta da mutum 146 kuma kan rigakahi ne ba warkarwa ba, wanda ke shan maganin tsinka jini shi yi hankali da yawanta, ita da citta duka. Citta da kanumfari da na'a-na'a cikin ruwan ɗumi, a sha, suna sanyaya maƙoshi kuma ko ba komi mutum ya sha ruwa. Bagaruwa da kakanninmu ke jiƙawa don ciwon maƙoshi ta ce a kurkure a zubar, baurinta na ɗaure ciki in an yawaita haɗiya.

Inda ta ɗaure huska shi ne surace. Ta ce babba in ya ga dama shi lulluɓa shi shaƙi tururinshi, zai ji daɗi na ɗan lokaci duk da ba shi gajarta mura, amma yaro a'a, tukunyar tafasasshen ruwa da bargo da yaro mai mutsu-mutsu, ƙunar da ke biyo baya ta hi murar nesa ba kusa ba. Man mantol ɗin da na saye ma ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 ba a shafa mashi, kuma ko babba ba a cusa shi cikin hanci, akwai kafur ciki, ga ƙananan yara shina iya kawo taune-taune. Na tuna yadda uwayenmu ke dangwala muna shi har cikin hanci su ƙara da ɗan guntu cikin ruwan zahi mu shanye, Allah dai ya raya mu.

Abin da ta saida mini a ƙarshe, serom fiziyo, ruwan gishirin nan na ƴan ƙananan robobi, gram 9 na gishiri cikin litar ruwa ba wani abu ba, da parasetamol na yara da ake aunawa da nauyin yaro. Ta karɓi ƴar tsanar wata yarinya da ke cikin layi ta gwada mini da ita, a kwantar da jinjiri ta gehe, a matsa ruwan ta hancin sama shi hito ta na ƙasa, a juya a yi ɗayan, kahin ba da nono da kahin barci, zai yi kuka kamar ana yanka shi ki daure. Ta ce ki buɗe rigarshi shina kwance lahiya ki ƙirga numfashi minti guda cur da agogon waya, ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko kika ga ƙasan haƙarƙari na lotsawa, wannan ba mura ba ce kuma, ki tahi CSI, asibitin unguwa, ko da tsakar dare, ai tun 2006 duba yaran ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Masassara kuma a yi gwajin maleriya ko da rani ne, in wuya ya sanƙare ko maɗiga ta kumbura kar a tsaya jiƙa komi, lokacin sanƙarau ne, kuma ni ba sai an tuna mini ba, ina sane da 2015 da har anka ruhe makarantu a Yamai. Amoksi kuwa ta ce mura birus ke kawo ta, iri sama da 200, antibiyotik ba shi taɓa su, majina ta yi kore ko ɗorawa hanyarta ce ta warkewa, kwana 7 zuwa 10 take ɗauka, tarin shi kan ja har sati 3, yaro ƙarami kuma shi yi mura 6 zuwa 8 a shekara ba abin tsoro ba ne. Na koma gida na ƙirga na auta, 42.

Zuwa na 3 serom ɗin ne ya ƙare, da la'asar, Dokta ba ta nan. Wata budurwa na iske, ƙwalisa, Faransanci kamar a bakinta anka haihe shi. Ina jiran canji wata mata ƴar ƙauye da goyo ta tambaye ta ko ta iya ci gaba da ba mijinta jiƙon citta da tsamiya tare da ƙwayoyin da likita ya rubuta. Yarinyar nan ko ordonansin ba ta kalla ba ta ce ku dai kun cika son kayan gargajiya, duk shirme ne, ku bar shi. Matar ta sunkuyar da kai ta hita, kuma na rantse ba ta bari ba, ta dai koyi cewa ba a faɗa wa masu farar riga gaskiya, gobe in tana ba shi abin da zai yi faɗa da maganinshi ba mai ji. Ni kuma ta juyo ta ce Tanti in kina son abu na halitta mai kyau ga wanga daga Faransa, ta ɗauko wani kwali da ƴan tib cike da ƙananan ƙwayoyi farare, sunanshi ya kai layin ranar Lahadi tsawo, kuɗinshi ya hi na cehanen kwana 2. Na ɗauki hoto na tura Yamai. Ɗan yayata ya ce Tanti omeyopati ne, daga hanta da zuciyar agwagwa ake farawa, a surka kashi 1 cikin 100, a sake surka wannan, haka har sau 200, abin da ya rage cikin tib ɗin sukari ne gram guda, Faransa da kanta ta daina biya wa mutanenta kuɗin irin waɗannan tun 1 ga Janairu 2021. Wato citta da tsamiya shirme ne amma agwagwar da ko ƙamshinta babu ita ce ta ƙwarai don ta hau jirgi. Na ce ɗiyata na gode, ba ni serom ɗina.

In a ce maki za ni ba su kamar yadda nike ba ƴan ajina, Dokta 9 bisa 10, guda ɗin na riƙe don ita ke da alhakin waɗanda ta tsayar bayan kanta, saurayin gardi 3, budurwar 4 don ita ko ba komi ba ta ce a ba jinjiri zuma ba. Duk da haka can za ni ci gaba da zuwa, ban haɗa su da masu yawo da magani bisa tire cikin rana ba, waɗanda ke saida ƙwaya da launi, ja da rawaya na mura, kore na ciwon jiki, balle siron da ba a san inda ya hito ba bayan abin da ya faru a Gambiya a 2022 inda yara wajen 70 sunka rasu. Sai dai yanzu in na shiga ba ni jin kunyar cewa ina farmasiyen ɗin take, in an ce ta hita in tambayi ƙarhe nawa take dawowa, na lura da sahe zuwa azahar an hi samunta. Kuma kahin a miƙo mini komi nike zuba nawa bayanin ko ba a tambaya ba, wata 8, tansiyon, ga sunan maganin da take sha, ga abin da muke jiƙawa a gida har kanwar.

Satin da ya wuce na biya da dare sayen maganin tansiyon ɗin Inna, saurayin nan ne dai. Ya gane ni, ya sosa ƙeya. Wani mutum na gabana ya ce a ba shi maganin mura, sai na ji ya ce Alhaji na wa ne, shekararshi nawa, shina da tansiyon? A jikin kwamfutar an manna wata ƴar takarda da rubutun hannu, layi 5, na leƙa na ga na ukun an ja mashi layi biyu da jan biro, zuma wata 12. Inna kuwa har yau ba ta yarda da zancen kanwa ba, ta ce likitocin zamani ba su san daɗin shayi ba, na dai ɓoye ƙullin cikin buhun gero kuma ina jin ta gano wurin.